Amanar Yaro Tsakanin Zaure da Aji

Duk wanda ya zauna a garuruwanmu ya kuma lura da sha'anin yara, lalle ne ya ga wani al'amari wanda yawan sabo ya hana a yi mamakinsa, wato yaro guda yana zuwa makarantu biyu, amma ɗaya kaɗai ubansa ya sani. Ka tambayi magidanci sunan malamin allon ɗansa, zai faɗa maka har da na shehin da ya karantar da malamin. Ka tambaye shi sunan malamin ajin da yaron yake zama a gabansa tun hantsi har azahar, sai ya ƙwala wa yaron kira ya tambaya, in ma ya san ajin ke nan.

A makarantar allo uba da ƙafarsa yake kai yaro, ya tuɓe takalmi a bakin zaure, ya durƙusa ya gaisa, ya ce, "Allah gafarta Malam, ga amana na kawo," a yi addu'a a shafa, kuma tun daga wannan rana mu'amala ta ƙullu tsakanin gidajen biyu. Ran Laraba yaro ya kai kuɗin laraba, da kaka a kai wa malam damin gero, in yaro ya bar babbaƙu ya shiga farfaru an sani a gida, in ya kai surar da aka saba yi wa sadaka uwa ta dafa ta aika, ranar sauka kuwa a zayyana allo, a yanka rago, a tara dangi walima. Abin da ya fi wannan duka amfani shi ne, uban, ko da shi kansa karatunsa bai shige izu biyu ba, ya san ma'anar biyawa da hadda da tilawa, saboda haka in ya ga allo ya yi mako biyu ba a wanke shi ba, ba ya bukatar a gaya masa cewa akwai magana.

Boko kuwa ta wata ƙofa ta shigo, kuma ƙofar ba ta iyaye ba ce. A shekarar 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano, akasari domin 'ya'yan sarakuna da malamai. Da elementare ta bazu a zamanin En'e, sai ya zamana hakimi ke umartar dagaci ya kawo yara kaza, har dattawa suna ba da labarin yadda akan ɓoye yaro a rumbu ko a tura shi ƙauye wajen dangi in an ji masu ɗiban yara sun shigo gari. A watan Satumba na 1976 aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, aka gina azuzuwa cikin gaggawa, aka horar da malamai cikin gaggawa, aka yi ta shelar cewa kyauta ne, talakawa kuwa suka fahimci cewa gwamnati ta ɗauke musu nauyin baki ɗaya. Da aka sabunta shirin a Sakkwato a 1999, aka kuma kafa masa doka a 2004 wadda ta wajabta karatun shekara tara, sai aka tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa: jan kunne da farko, sannan tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata guda, sannan Naira 5,000 ko wata biyu. Doka tana iya kai yaro ƙofar aji, amma a ganina ba ta taɓa sa uba ya buɗe littafin ɗansa da dare ba.

Hanyoyi biyu aka shimfiɗa domin haɗa gida da makaranta. Ta farko ita ce Ƙungiyar Iyaye da Malamai, wadda kowa ya sani da PTA, amma abin takaici, a wurare da dama sunan nata ya rataya da kuɗi har ya zamana in yaro ya kawo takardar gayyata, tambayar farko ita ce, "Nawa kuma za a biya?" Ta biyu ita ce kwamitin gudanar da makaranta, SBMC, wanda aka umarci kowace firamare ta kafa 'yan shekaru bayan dokar, aka kuma faɗaɗa shi ya ƙunshi hedimasta da wakilin malamai, da wakilin mai gari, da malaman addini, da mata, da masu sana'a, da tsofaffin ɗalibai, har da yaro da yarinya daga cikin 'yan makarantar. Inda kwamitin yake da rai, za ka tarar an mayar da kwanon da iska ta yaye, an gyara burtsatse, an kewaye makewayin 'yan mata, an bi gida gida an dawo da masu fashin makaranta. Inda kuwa hedimasta ya zauna a ofis ya rubuta sunayen abokansa domin cika takarda, to, kwamitin bai wuce takardar ba.

Amma gyaran gini, duk da falalarsa, ba shi ne karatu ba, kuma a nan ne uzurin da aka fi ji yake fitowa: "Malam, ni ban yi boko ba, me zan duba?" Wannan uzuri ba shi da ƙarfin da ake zato. Wanda bai iya karatun boko ba yana iya buɗe littafin rubutu ya ga ko akwai jan biron malam a shafin jiya, ko kuwa rabon da a duba shi tun farkon zango; yana iya zaunar da yaro bayan sallar isha'i ya ce, "Karanta mini in ji," kuma da yake Hausa ce harshensa, kunnensa zai rarrabe tsakanin mai karatu da mai kame-kame, kamar yadda yake rarrabewa a tilawa; yana iya ba shi lissafin cinikin yini, mudu kaza a kan kaza, ya ga ko zai fitar da canji daidai. Uwa kuwa tana riƙe da abin da ya fi haka nauyi, domin ita ke da ikon safiya. Ita ta san ko an karya kumallo, ko an ba da kuɗin tara, ko kuwa an ɗora wa yarinya farantin talla ta zaga unguwa da ƙosai har rana ta take kafin ta saka kayan makaranta. Ba na zargin uwar da take tara kuɗin kayan ɗaki da wannan talla, domin larura ce ta sa. Sai dai ƙungiyoyin iyaye mata da aka kafa a jihohi irin su Bauci da Katsina da Sakkwato da Zamfara sun nuna cewa mace ta fi jin maganar 'yar'uwarta a cikin gida, a kan a mayar da tallan zuwa yamma, fiye da wa'azin namiji a bakin ƙofa.

Makaranta ma tana da nata haƙƙin da take tauyewa. Ana kiran taro ranar kasuwa ko tsakiyar noman farko, a yi jawabi da Turanci, a miƙa wa uba katin sakamako cike da lambobin da ba a fassara masa ba, sannan a ce iyaye ba su damu ba. Alhali malamin da ya taka ya je ta'aziyya ko suna a gidan ɗalibinsa, ya zauna a tabarma ya ce, "Baba, yaron nan yana da kai, amma makara tana cutarsa," ya kan sami abin da takardar gayyata goma ba ta samo ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun jarraba wata dabara da ta cancanci nazari. Tun daga 2004, a jihar Tawa, da taimakon hukumar JICA ta Japan, aka soma zaɓen shugabannin kwamitin makaranta, COGES, ta hanyar ƙuri'ar sirri a gaban jama'ar gari, domin kada kunya ko tsoron mai gari su sa a naɗa wanda ba a amince da shi ba, daga baya kuma tsarin ya game ƙasar. Jama'a su taru su tsara abin da za su yi a shekara da ƙarfinsu, ko rumfar zana ce domin ƙarin aji, ko masaukin malami, a ƙarshe kuma a karanta musu lissafin abin da aka kashe. Da tafiya ta yi nisa sai aka ƙara wani abu: a gwada yara da ƙananan tambayoyin lissafi, a bayyana wa taron gari sakamakon a fili, yara nawa ne suka iya tarawa da ɗebewa, nawa ne ba su iya ba, sa'an nan garin ya zaɓi masu sa kai daga cikin matasansa masu ɗan ilmi, su riƙa zama da yaran bayan an tashi daga makaranta, suna bitar darasi a ƙarƙashin kulawar malamai.