Abubuwan da ke share fagen cin zarafi tsakanin ma'aurata

A ranar 28 ga Afrilu, 2025, Babbar Kotun Birnin Tarayya Abuja ta yanke wa Peter Nwachukwu hukuncin kisa kan mutuwar matarsa Osinachi, fitacciyar mawaƙiyar coci da ta rasu a 2022. Tun a Janairun 2020 kotun ta yanke wa Maryam Sanda irin wannan hukunci kan kisan mijinta, Bilyaminu Bello. Ba kasafai rikicin gida ke kai wa nan dare ɗaya ba, akwai alamomin da ke gabatarsa.

Binciken al'umma da lafiya na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya nuna kashi 36 cikin ɗari na matan da suka taɓa aure sun fuskanci duka, ko tilastawa a shimfiɗa, ko muzantawa daga mazajensu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci shan barasa fiye da kima, ƙarancin ilimi da rashin sana'a ga mace cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin. Haka kuma yaron da ya tashi yana ganin ana dukan mahaifiyarsa ya fi zama cikin haɗarin aikata hakan idan ya girma, yarinyar kuwa takan ɗauka haka zaman aure ya gada.

Alamar da aka fi rainawa ita ce mallakewa: binciken waya, zargi babu dalili, ƙwace albashi, hana ziyartar dangi. Sau da yawa akan kira wannan kishi ko kulawa, alhali yana raba mutum ne da duk wanda zai iya kawo masa ɗauki. A Abuja, inda ma'aurata da dama ke zaune nesa da iyaye, maƙwabci kuma bai san maƙwabcinsa ba, wannan kaɗaici ya fi tsanani. Idan ma ƙorafi ya isa gida, amsar takan zama "ki yi haƙuri".

Dokar Haramta Cin Zarafin Mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke kula da aiwatar da ita a Birnin Tarayya, ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta haura naira 200,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya doki abokin aurensa, mace ko namiji. Ta kuma bai wa wanda ake zalunta damar neman umarnin kariya daga kotu, wanda zai iya hana mai cin zarafin kusantar gidansa ko wurin aikinsa.