Yadda Lissafin Nauyin Wuta a Kan Janareto Ke Rage wa 'Yan Kasuwar Abuja Asara

ABUJA: Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin gudanar da janareto ya shiga sahun manyan ɗawainiyoyin masu shaguna a kasuwannin Wuse, Garki da Utako. Duk da cewa kamfanin AEDC ya karɓi aikin rarraba wutar lantarki a Babban Birnin Tarayya a watan Nuwamban 2013, har yanzu akasarin masu sana'a ba su rabu da injin ba. To sai dai kaso mai yawa na asarar da ake tafkawa yana fitowa ne daga rashin lissafin nauyin da ake ɗora masa.

Abu na farko shi ne, adadin da aka rubuta a jikin injin ba shi ne ƙarfin da ake mora ba. A bisa ƙa'idar da yawancin masu ƙera injunan ke bi, janareto mai kVA 5 yana bayar da kimanin wat 4,000 ne kawai. Idan aka bar kashi 20 cikin ɗari domin kada a matsa masa, abin da ya rage bai wuce wat 3,200 ba.

Inda aka fi yin kuskure kuwa shi ne kayan da ke da mota a cikinsu, watau firji, na'urar sanyaya ɗaki, famfon ruwa da injin niƙa. Irin waɗannan kan ja ninki uku ko fiye na wutar da suke ci a daƙiƙoƙin farko na tashinsu. Alal misali, na'urar sanyaya ɗaki da ke cin wat 1,200 tana iya neman 3,600 a lokacin kunnawa. In ta tarar da firji biyu da dutsen guga suna aiki, sai ƙarfin wuta ya faɗi, injin ya yi nishi, wani sa'in kwamfireso ya ƙone. Mai sayar da kifi ko kaji masu sanyi a irin wannan hali yakan yi asarar hajarsa, baya ga kuɗin gyara.

Masu motocin tafiye-tafiye masu ɗakin kwana a Amurka da Turai, waɗanda ke dogara da ƙaramin janareto guda, sun daɗe da sanin maganin: a tayar da injin babu komai a kansa, a kunna na'ura mafi nauyi tukuna, a dakata ta daidaita, sannan a bi da sauran ɗaya bayan ɗaya. Kayan zafi kamar tukunyar dafa ruwa ta lantarki, wadda kan ci wat 2,000, a jira sai an kashe wani abu. Wannan dabara ba ta cin ko kwabo.

Sayen babban inji fiye da buƙata shi ma ba mafita ba ce, ko da yake wasu otal-otal da ofisoshi na ɗaukarsa a matsayin riga-kafi. Injin dizal da ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa ba ya ƙone mai sosai, baƙin dauɗa na taruwa a salansarsa, kuma kowane kilowat yana tashi da tsada. Ga irin waɗannan wurare, ƙaramin inji na biyu domin aikin dare ya fi araha.