Wasan wuta ba ya neman gilashi mai tsada

Manyanmu a sana'ar hoto kan ce duk wanda zai ɗauki hoton dare sai ya tanadi gilashin kyamara mai faɗin ƙofa, irin f/1.4 ko f/2.8. Suna da hujja, don a zauren biki mai ƙarancin fitila haka abin yake. Amma da girmamawa nake cewa, maganar ba ta shafi wasan wuta ba.

Tartsatsin da ake harbawa sama ai shi kansa haske ne, mai ƙarfi kuwa. Ka wangale ƙofar gilashi, ja da kore su ƙone, hoto ya fito fari fat. Abin da ake yi shi ne a tsuke ƙofar zuwa f/8 ko f/11, a bar ISO a 100, sannan a bar kyamara a buɗe daƙiƙa 2 zuwa 4, wutar ta zana hanyarta tun daga tashi har ta watse. A f/8 kuwa, ɗan gilashin 18-55mm da ake haɗo kyamara da shi ba ya jin kunyar kowa. Faɗin filin da yake ɗauka ma riba ce: wanda ya tsaya gaban Burj Khalifa a Dubai daren sabuwar shekara, gini mai tsawon mita 828, doguwar zuƙowa ba za ta nuna masa komai ba sai 'yan tagogi.

Kuɗin, in akwai, a zuba su a abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, da ɗan rimot. Babu hannun da zai yi daƙiƙa 3 bai motsa ba, ko na wane ne. A saita nisa da hannu tun kafin a fara, domin kyamara kan rikice in ta kalli baƙin sama. Filasha kuma a kashe ta. 'Yan mitoci take kaiwa, ƙeyar mutanen gabanka kawai za ta haska.

Inda maganar manyan take da ƙarfi shi ne abin da ke gudu. Ranar Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, mahaya sun sako dawakai za su yi jafi, rana ta yi sanyi, ƙura ta tashi, kana neman ƙiftawar kyamara ta 1/1000 na daƙiƙa don ka daskarar da kofato a sama. Nan 70-200mm f/2.8 yake biyan kuɗinsa. Sai dai a ɗaura shi tun daga gida, kada a canja gilashi cikin wannan ƙurar.