Daren da "Alhaji" ya sa 'yan kasuwa dariyar kansu

Ran nan da dare, bayan kasuwa ta watse, gidan samari na Birnin Kwanni ya cika maƙil. Ga 'yan canji, ga masu albasa, ga direbobin da suka wuni a ƙofar duwan, har da baƙi daga Illela. Teyatur ne ya tara mu. Ni dai mutum guda na zo kallo: wani tela na cikin gari da kowa ke kira Alhaji, don kullum a attajiri yake fitowa.

Labarin na bashi ne. Ana bin Alhaji kuɗin shinkafa, shi ma yana bin wani yaronsa kuɗin atamfa. Da mai shinkafa ya yi sallama, sai Alhaji ya faɗa kan tabarma, ya lulluɓa da babbar riga, yana raɗa wa Hajiya ta ce ya tafi Kano. Ya manta takalmansa na bakin ƙofa! Mai shinkafa ya zauna ya tsare takalma, Alhaji kuma atishawa ta taso masa. Yadda ya yi ta kokawa da hancinsa, bai ce uffan ba, sai da mutane suka riƙe ciki.

Can sai ga yaronsa. Nan take ciwo ya warke, ya zaro kwankileta. In shi zai karɓa, sefa ta hau; in shi zai biya, naira ta farfaɗo. Wani ɗan canji da ke kusa da ni ya share hawaye ya ce: "Malam, wallahi da ni yake."

Mai karatu, wannan wasa yana da asali. Zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun yi ta gasar teyatur a bikin matasa na ƙasa. 'Yan wasan Damagaram, cikinsu har da Yazi Dogo, sun yi suna ta rediyo da Télé Sahel. Yawanci ba a haddace rubutu: a shirya yadda labari zai tafi, sauran magana kuma kowa ya zaro ta daga bakinsa. Shi ya sa zancensu yake kama da na rumfa.

Dariyar nan kuwa tana da ciwo a ƙarƙashinta. Rufe iyaka da Nijeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yuli 2023, sun bar mutane da kaya a sito da bashi a wuya. Kasuwarmu ba takarda ke riƙe ta ba, amana ce. Maganar da ƙane ba ya iya faɗa wa yayansa, ko yaro ga ubangidansa, ita ce telan nan ya faɗa a gaban kowa, ba wanda ya yi fushi.

A ƙarshen wasa Alhaji ya fito ya biya rabi, ya roƙi a jira shi saura. Yau da waya ta raba kowa da kallonsa shi kaɗai, ƙungiyoyin nan ba su da abin dogaro sai kuɗin ƙofa. In kun ji sanarwa a rediyo, ku rufe rumfa da wuri ku zo. Wanda kuma ake bi, ya taho da takalmansa. Allah ya rufa mana asiri.