Kwana a Bakin Kogi: Kowane Ruwa da Irin Wasansa

Da yawa daga cikinmu mazauna zango, iyakar saninmu da kogi ta tagar mota ne. Mutum ya taso daga Kumasi za shi Tamale, in an iso gadar Buipe sai ya leƙa ya ga ruwa shimfiɗe, kafin ya ƙare kallo mota ta wuce. To, amma a 'yan shekarun nan samarinmu da 'yan makaranta sun ɗauko wata sabuwar al'ada, watau su haɗa kuɗi lokacin hutu ko bayan Salla, su ɗauki shatar mota, su tafi bakin ruwa su kwana. Wasunsu ma sun ga hotunan Turawa kwance cikin tif, watau robar nan ta cikin taya da ake hura wa iska, ruwa yana tafiya da su, su ma suna ɗokin gwadawa.

Wannan ne ya sa a wannan wata muka kawo wa masu karatu labarin wurare biyu, ɗaya a nan gida Gana, ɗaya can a ƙasashen Asiya, domin iyaye da masu shirya irin wannan tafiya su san daɗin da ke ciki, su kuma san haɗarinsa.

WECHIAU, GARIN DORINA

Wechiau ita ce hedikwatar gundumar Wa ta Yamma. Yamma da garin akwai kogin Baƙin Bolta, wanda shi ne ya yi iyaka tsakaninmu da Burkina Faso a wannan yanki. Nan ne ɗaya daga cikin wurare biyu da dorina ta saura a Gana. Ɗayan shi ne gandun dajin Bui.

A shekarar 1998 sarkin ƙasar, Wechiau Naa, da sarakunan da ke ƙarƙashinsa suka keɓe bakin kogin, tsawon kilomita 40, don kare wannan dabba. Hukumar kula da namun daji ta so ta mai da wurin gandun gwamnati, amma sarakunan suka zaɓi jama'ar ƙasa su riƙe abinsu da kansu. Aka hana farauta da noma da saran itace a gaɓar kogi, aka kafa kwamitin gudanarwa, kuɗin da baƙi ke biya kuma ya zama na jama'a. Gidan namun daji na birnin Kalgari a Kanada ya shigo da taimako, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka gina makarantu, aka raba fitilu masu aiki da hasken rana, mata kuma suka sami kasuwar ƙwarar kaɗanya. A 2008 wannan shiri ya sami lambar yabo ta Equator, wadda hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke bayarwa.

Wani abin da zai ja hankalin mai karatu shi ne, akwai namu a wurin. Cikin ƙabilun yankin, ban da Wala da Birifor da Dagaba, akwai Hausawa masunta da ke zaune a bakin kogin. Saboda haka wanda ya je ba zai rasa mai amsa masa sallama da harshensa ba.

YADDA AKE KWANA

An gina masaukin baƙi a ƙauyen Talawona, kusa da kogi, irin ginin ƙasa na mutanen yankin mai shimfiɗaɗɗen rufi. Kada mai karatu ya sa ran samun jin daɗin otel ɗin birni. Wuri ne na ƙauye, wanka da bokiti, girki a murhu. Lokacin zafi baƙo yakan hau rufin soro da tabarma da gidan sauro, ya kwanta yana kallon taurari. Gara mutum ya yi guzurinsa tun daga Wa: shinkafa, gari, mai, ruwan sha, tocila da maganin sauro.

Da rana dorina tana cikin ruwa, sai dare ya yi take fitowa kiwo, kuma takan ci ciyawa kimanin kilo 40 kafin gari ya waye. Don haka yawon dare a gaɓar kogi ba na baƙo ba ne. Wanda ya shiga tsakanin dorina da ruwa, ko tsakaninta da ɗanta, ya sayi rigima da kuɗinsa.

Da sassafe ake shiga kwale-kwale. Baƙo ya zauna a tsakiya, matuƙi yana baya da filafili, ɗan jagora yana nuna tsuntsaye, waɗanda an ƙidaya fiye da iri 200 a wurin. In an hango dorina, yawanci kunnuwa da idanu da hanci kaɗai ake gani a kan ruwa, sai matuƙi ya tsaya daga nesa. Nan fa ba a gardama da shi. Namijin dorina yakan kai kilo 1,500, yana iya nutsewa ya yi kamar minti 5 bai ɗago ba, kuma kifar da kwale-kwale ba wani aiki ba ne a gare shi. Lokacin rani aka fi ganinsu, sa'ad da ruwa ya ja baya. Da damina kogi yakan cika ya yi ƙarfi, hanyar ma takan yi wuyar bi.

DAGA GORA ZUWA TIF

Hawa ruwa a kan abu mai iska ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Duk wanda ya taɓa ganin bikin kamun kifi na Argungu ya ga masunta rungume da manyan goruna suna yawo a kan ruwa da homa a hannu. Sai dai masunci ya tashi cikin ruwan, ya san gurbi, ya san inda yake da zurfi, kuma gorarsa kayan aiki ce. Tif kuwa kayan wasa ne, ba shi da filafili, ba shi da birki; inda ruwa ya nufa, can mai shi ya nufa. A kogi irin na Wechiau, mai dorina da kada, wanda ya kwanta cikin tif ƙafafu na reto a ruwa ya miƙa kansa ne kurum.

Hatta a kogin da babu waɗannan dabbobi, tif yana iya kisa. Misalin da duniya ta fi sani shi ne na garin Vang Vieng a ƙasar Lawos, maƙwabciyar Tailan.

ABIN DA YA FARU A VANG VIENG

Vang Vieng ƙaramin gari ne na manoma a bakin kogin Nam Song, duwatsu sun kewaye shi. Wajen ƙarshen shekarun 1990 wani mai gona ya samo tif na manyan tayoyi don baƙin da ke taya shi aiki su riƙa hutawa a ruwa bayan sun tashi. Abu kamar wasa, labari ya bazu. Matasa 'yan yawon buɗe ido daga Turai da Ostareliya suka yi ta kwarara, masaukai suka cika bakin kogi, mutanen ƙauyuka suka haɗa ƙungiya suna ba da hayar tif suna raba riba. Mota ta kai mutum sama, ruwa ya gangaro da shi gari, tafiyar 'yan kilomitoci.

Daga nan sai mashaya suka jeru a gaɓa, da lilo da igiyoyin da ake kamawa a faɗa ruwa. Ana jefa wa mai tif igiya a jawo shi, ya sha barasa, ya koma ruwa, ya sake tsayawa a gaba. Wasu suka riƙa dirowa kan duwatsu inda ruwa ba zurfi, wasu maye ya kwashe su suka nutse. A shekarar 2011 kaɗai, asibitin garin ya ƙidaya mutuwar baƙi 27. A 2012 gwamnatin Lawos ta rufe mashayan bakin kogi, ta rushe lilo da igiyoyi. Ciniki ya faɗi na wani lokaci, sa'an nan garin ya farfaɗo da tuƙin kwale-kwale da ziyarar koguna na cikin duwatsu, da hawan tif ɗin ma, amma da doka.

Bambancin wuraren biyu a fili yake. A Wechiau masu kogi ne suka kafa sharaɗi tun farko, baƙo ya zo ya bi. A Vang Vieng son ran baƙo aka bi saboda kuɗinsa, har sai da aka yi asarar rayuka.

KAFIN A TASHI

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, yara da matasa kuwa suna da yawa a ciki. Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin samari da malaman makarantu su lura da waɗannan abubuwa:

Na farko, in an isa, a fara gaida masu wuri, a nemi sarkin ruwa ko ɗan jagora, a tambaye shi inda ake shiga da inda ba a shiga.

Na biyu, kowa ya sa rigar hana nutsewa kafin ya taka kwale-kwale, da wanda ya iya iyo da wanda bai iya ba. In babu rigar, a haƙura. Kada a yi wa jirgi lodin da ya fi ƙarfinsa, kada a miƙe tsaye don ɗaukar hoto.

Na uku, tif sai a ruwa marar zurfi, mai tafiya a hankali, wanda mutanen wurin suka tabbatar babu kada ko dorina, babu kututture a ƙarƙashi. Ba a hawansa da damina, ba a hawansa bayan la'asar sakaliya, ba a barin yaro shi kaɗai.

Na huɗu, a tuna da tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa mai kwanciya, ta shiga ta fata. Wanda ya dawo ya ga jini a fitsarinsa, ya garzaya asibiti, akwai magani.

Na biyar, a ƙidaya mutane kafin a shiga ruwa, a sake ƙidayawa bayan an fito, a kuma bar wa na gida sunan wurin da ranar dawowa.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma yaron da ya tashi a Nima ko Aboabo ya cancanci ya ga dorina da idonsa, ya ji sanyin asuba a bakin kogi, ya ga yadda 'yan'uwansa masunta ke neman abinci. A je, a biya kuɗin shiga da daɗin rai tun da na jama'ar wurin ne, a saurari mai filafili. Allah ya kai lafiya, ya dawo da kowa gida lafiya.