Daga gonar Sifawa zuwa wayarka: asalin kalmar "robot" da ilimin mutum-mutumi

Duk mai shiga intanet da waya ya taɓa cin karo da ɗan akwatin nan da ake cewa ya danna domin ya tabbatar shi ba "robot" ba ne. Mukan danna mu wuce. Amma ka taɓa tambayar kanka daga ina kalmar ta fito, kuma me ya sa Bahaushe ya kira wannan na'ura mutum-mutumi? Sunayen biyu ba abu ɗaya suke nunawa ba, kuma bambancinsu ya shafi duk matashin da ke tunanin shiga wannan fanni.

Mutum-mutumin gona

Tun kafin zuwan kwamfuta Hausawa suna da wannan kalma. A Sifawa da ke ƙaramar hukumar Boɗinga, garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, noma ne babbar sana'a. Idan gero ya fitar da kai, tsuntsaye irin su jan-baki sukan sauko a kansa. Manomin da ba zai iya wuni yana kora ba yakan gicciya sanduna biyu, ya sa musu tsohuwar riga da hula, ya kafa a tsakiyar gona. Wannan shi ne mutum-mutumi, wasu kuma su ce butum-butumi.

Ginin kalmar ma yana bayyana ma'anarta. Hausa takan maimaita kalma domin nuna kama: fari-fari bai kai fari ba, ruwa-ruwa kuma ba ruwa ba ne. Haka mutum-mutumi yake, ya yi kama da mutum amma babu rai a jikinsa. Kenan sunanmu siffa yake kallo.

Kalmar da ta fito daga aikin tilas

Ita kuwa "robot" ba Turanci ba ce a asalinta. Daga harshen Cek ta fito, a tsakiyar Turai. A 1920 marubuci Karel Capek ya wallafa wani wasan kwaikwayo mai suna R.U.R., aka nuna shi a birnin Prague a watan Janairun 1921. Labarin wata masana'anta ce da ke ƙera ma'aikata masu kama da mutane domin su yi aiki a kan farashi mai rahusa, daga ƙarshe suka yi wa masu su tawaye. Karel da kansa ya bayyana cewa yayansa Josef, wanda mai zane ne, shi ya ba shi sunan.

Josef ya ciro shi ne daga kalmar "robota", wato aikin dole da talakan ƙauye yake yi wa mai ƙasa a gonarsa na wasu kwanaki ba tare da lada ba. Sai a 1848 aka soke wannan tsari a daular Austriya. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba. A da can, bawa yakan yi aiki a gandun ubangijinsa, sauran lokacin ya koma gayaunarsa. A zamanin Turawa kuma an yi ɗiban gwamna, lokacin da aka riƙa kwasar maza daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu. Saboda haka ma'anar "robot" ta farko ita ce mai yin aikin da ba shi da ikon ƙi. Sunansu aiki yake kallo.

Yadda aka samu sunan ilimin

Sunan fannin, wato "robotics", ya zo ne shekara ashirin bayan haka. Isaac Asimov, marubucin labaran ƙirƙira na kimiyya a Amurka, shi ya fara amfani da shi a wani gajeren labari a 1941. Ya liƙa wa "robot" ɗafa-ƙeyar da Turanci ke amfani da ita a sunayen fannonin ilimi, yana zaton kalmar tana nan tuntuni, ashe shi ne ya ƙirƙiro ta. A 1942 ya fitar da sanannun dokokinsa uku, waɗanda ta farkonsu ta hana na'urar cutar da ɗan Adam.

Sunan ya riga na'urar zuwa. Sai a 1961 aka girka Unimate, wadda George Devol ya ƙirƙiro, a wata masana'antar General Motors da ke jihar New Jersey. Ba ta da fuska, ba ta da ƙafa. Hannun ƙarfe ne guda ɗaya da ke ɗaukar ƙarfe mai zafi, aikin da ke da haɗari ga ma'aikata.

Mutum-mutumin da ke aljihunka

Ga wani abin mamaki. Sunan Android, manhajar da ke tafiyar da wayoyin Tecno da Infinix da Samsung, daga harshen Girkanci ya samo asali, kuma ma'anarsa "mai kama da mutum". Wato fassararsa kai tsaye ita ce mutum-mutumi, shi ya sa tambarinsa koren mutum-mutumi ne. Kalmar "bot" da kake gani a Telegram kuwa gutsuren "robot" ce.

Me ya sa wannan ya shafe ka?

Idan muka tsaya a kan sunan Hausa kaɗai, za mu riƙa jiran na'ura mai ido da baki irin ta fina-finai, ko irin Omeife da kamfanin Uniccon ya ƙaddamar a Abuja a 2022. Alhali yawancin na'urorin wannan fanni ba su yi kama da kowa ba. Abu uku ake dubawa: na'urar ta ji abin da ke kewaye da ita, ta yanke shawara bisa umarnin da aka rubuta mata, sannan ta motsa. Jiragen Zipline marasa matuƙi da suka fara kai magunguna asibitocin jihar Kaduna a 2022 sun cika waɗannan sharuɗɗa. Mutum-mutumin gona bai cika ko ɗaya ba, shi ya sa tsuntsaye kan saba da shi bayan 'yan kwanaki har su sauka a kansa.

Amma a ce ɗalibi a Sifawa ya haɗa ƙaramin allon Arduino da na'urar gano motsi da faifan sola, ta yadda da zarar tsuntsaye sun sauko hannun zai kaɗa gwangwani. A ranar, sandunan nan biyu sun shiga ilimin da Asimov ya raɗa wa suna. Kayan ba su fi ƙarfin ƙungiyar ɗalibai ba, kuma akwai wajen ci gaba: Jami'ar Bayero ta Kano tana da sashen injiniyancin mekatroniks, hukumar NITDA kuma ta buɗe cibiyar ƙasa ta ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a Abuja a 2020.

Fargabar cewa na'ura za ta ƙwace aikin mutane gaskiya ce, kuma tun cikin wasan Capek take. Sai dai tarihin kalmar ya nuna cewa kowace irin wannan na'ura tana da mai ba ta umarni. Matashin da ya koyi rubuta umarnin da gyara na'urar idan ta lalace, shi ne zai samu abin yi a lokacin da ta iso gonakinmu da asibitocinmu.