Man Miya da Lafiyar Zuciya

A gidajenmu idan babban baƙo ya sauka, uwargida takan ƙara man shanu a miya, ta kuma zaɓa masa tsoka mai kitse. Haka muke nuna girmamawa, ba kuwa laifi ba ne. Amma abin da a dā sai ranar Kirsimeti ko ranar biki ake ci, yanzu a gidaje da yawa na birni ya zama abincin kullum. Maigida kuwa da mota yake zuwa ofis, ya wuni a kan kujera. Shi ya sa ya kamata kowane iyali su san abin da mai da kitse suke yi wa zuciya.

Mene ne kolestarol?

Kolestarol wani abu ne mai kama da kakin zuma, yana yawo cikin jinin kowane mutum. Allah bai yi shi a banza ba. Da shi jiki yake gina ƙwayoyinsa, da shi kuma hanta take yin ruwan matsarmama mai taimakon narkar da abinci. Yawancinsa hantarmu ce take yi, sauran kuwa daga nama da ƙwai da madara muke samu.

Likitoci sukan auna iri biyu. Akwai wanda suke kira LDL, shi ne in ya yi yawa yakan shiga bangon jijiyoyin jini ya taru. Akwai kuma HDL, mai taimakawa wajen mai da kolestarol zuwa hanta. Taruwar nan shekara da shekaru take yi ba tare da wani ciwo ba, hanyar jini tana ta ƙuntata kamar lambatun da ƙasa take cikewa. Wata rana sai wurin ya tsage, jini ya yi guda ya toshe hanyar. In jijiyar zuciya ce, sai bugun zuciya. In ta ƙwaƙwalwa ce, sai shanyewar ɓarin jiki.

Tun a 1913 wani likita a Rasha, Nikolai Anichkov, ya ciyar da zomaye da kolestarol, ya ga jijiyoyinsu sun tara kitse kamar na mutane. Daga baya masu bincike suka gane cewa irin man da mutum yake ci ya fi ɗaga kolestarol ɗin jini a kan kolestarol ɗin da yake cikin abincin kansa.

Abin da ya faru a Finlan

A gabashin ƙasar Finlan akwai wani lardi da ake kira Kareliya ta Arewa. Mutanensa manoma ne da masu kiwon shanu da masu saran itace, ƙarfafa, masu aiki tun safe har dare. Duk da haka magidanta 'yan shekara 40 da 50 suna ta faɗuwa da bugun zuciya, har lardin ya zama cikin wuraren da cutar ta fi kisa a duniya. Abincinsu man shanu ne da madara mai maiƙo da nama mai kitse da gishiri da yawa, ga kuma shan taba.

A 1971 shugabannin lardin suka rubuta wa gwamnati takardar neman taimako. A 1972 aka fara aiki a ƙarƙashin wani matashin likita, Pekka Puska. Suka bi ƙauyuka da makarantu da kantuna suna bayani. Ƙungiyar matan gida mai suna Martta ta koya wa mata dafa abinci da man tsiro da ganye a maimakon man shanu. Waɗansu masu shanu suka koma noman 'ya'yan itatuwa. Cikin shekara 40, mutuwar magidanta ta cutar jijiyoyin zuciya a lardin ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Sababbin magunguna sun taimaka, amma babban rabon nasarar daga raguwar kolestarol da hawan jini da shan taba ya fito. Ku lura, mata ne a madafi suka ɗauki babban kaso na aikin.

Wane mai za a sa a tukunya?

Ga hanya mai sauƙi ta ganewa. Man da yakan daskare da sanyin hunturu, wato man shanu da kitsen nama da man kwakwa, shi ne ya fi ɗaga LDL. Man ja ba shi da kolestarol, amma wajen rabinsa irin wannan mai daskarewa ne. Yana da amfani ga idon yara, don haka a ci gaba da sa shi, sai dai a rage cokali. Man gyaɗa da man waken soya da man riɗi sun fi sauƙi ga zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada mai daskarewa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abinci, gishiri kuma ya kasa giram 5 a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya.

A yanke kitsen nama kafin a dafa, a cire fatar kaza. A yawaita kifi da wake da gyaɗa. Tuwon dawa da gero da acca, miyar kuɓewa da kuka da zogale, duk abokan zuciya ne. Ƙwai ɗaya a rana ba ya cutar da yawancin masu lafiya. Wanda kuwa ya bar kitse ya koma ga sukari da lemon kwalba da farin burodi, bai tsira ba. Jarirai da ƙananan yara su kam suna bukatar mai domin girma, kada a hana su.

Je ka a auna ka

Yawan kolestarol ba ya nuna alama, siriri ma yana iya samunsa. Wajen mutum 1 cikin 250 gadonsa yake yi daga iyaye. Duk wanda ya kai shekara 40, ko yake da hawan jini ko ciwon sukari, ko wani nasa ya rasu da bugun zuciya yana da sauran ƙuruciya, ya je asibiti a gwada jininsa. In likita ya ba da maganin da ake kira sitatin, a sha yadda ya faɗa, kada a daina don an ji sauƙi. In kuwa wani ya ji nauyi a ƙirji yana tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, da gumi da haki, a kai shi asibiti nan da nan.

'Yan'uwa, jikin nan amana ce Ubangiji ya ba mu, kamar yadda ya ba mu 'ya'ya da gona. Maigida, kada ka yi wa uwargida faɗa in ka ga miya ba ta yi maiƙo kamar dā ba, so take ka ga jikokinka. Zumuntar mata kuma, me zai hana a taronku na gaba ku kawo wannan magana, kowa ta faɗi cokali nawa take sa wa miyarta?